Wai da gaske ganye yana lissafin kwantum?

'Yar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. An ba ni gabatarwa a kan yadda makamashin haske ke tafiya a cikin tsirrai da bakteriya masu haɗa abincinsu da rana, kuma kaina ya ɗaure. Wasu rubuce-rubucen sun ce tun 2007 aka tabbatar cewa makamashin yana bin hanyoyi da yawa a lokaci guda bisa dokokin kwantum, wato dokokin kimiyyar da ke bayyana halin ƙananan abubuwa irin su atom da ilektiron, shi ya sa kusan babu abin da ke salwanta. Wasu kuma sun ce an bar wannan maganar. Wanne zan kama? Sannan ta yaya ma ake ganin abin da ke aukuwa cikin femtosakan, tunda babu kyamarar da ta kai wannan sauri?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. 'Yata, sai kin gane amsar tambayarki ta biyu kafin ta farkon ta buɗe miki. Ki raba sakan ɗaya gida biliyan, ki ɗauki kashi ɗaya ki sake raba shi gida miliyan, femtosakan ke nan. Yawan femtosakan da ke cikin sakan guda ya yi daidai da yawan sakan da ke cikin shekara kusan miliyan 32. Abin da ya sa aka damu da wannan ma'auni shi ne a nan atom ke motsi. Ɗauri mai ninki biyu da ke tsakanin kabon da kabon yakan miƙe ya dawo cikin kusan femtosakan 20. Duk wanda ke son ganin ɗauri yana tsinkewa dole agogonsa ya kai nan.

Norrish da Porter a Ingila suka buɗe hanyar a 1949 da fitilar walƙiya, lokacin ana maganar ɗaya bisa dubu na sakan. Lesa ta zo a 1960. Sai Ahmed Zewail, mutumin Masar, Allah ya jiƙansa, wanda a Caltech a 1987 ya bi diddigin molekul mai atom uku, ayodin da kabon da naitirojin, yana rabuwa cikin kusan femtosakan 200. Wannan aiki ya ba shi Nobel a 1999. Yadda ake awon kuwa, Mai Lesa ya fi ni sani, sana'arsa ce.

Mai Lesa:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ƙanwata, gaskiyarki, babu na'urar gano haske da ke da wannan saurin, kuma ba ma buƙatarta. Da nisa muke auna lokaci.

Ana ɗaukar bugun lesa guda ɗaya, gajere ƙwarai, a raba shi biyu. Na farko ya je ya tayar da molekul ɗin. Na biyu a bi da shi ta wata hanya mai madubi a kan layin dogo, ya iso daga baya ya leƙa abin da ya canza. Idan na matsar da madubin maikuromita ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan na mita), hanyar hasken ta ƙaru da biyu saboda zuwa da dawowa, wato na jinkirta bugun leƙen da femtosakan 6.7. In auna hasken da samfurin ya shanye, in sake matsar da madubi, in sake aunawa. Kowane matsayi na madubi hoto ɗaya ne, kuma lesar tana maimaita gwajin sau dubu ko fiye a kowane sakan. Na'urar gano hasken tana iya yin nawarta, ba komai.

Ki riƙe abu biyu, don su ne tushen rigimar da kika tambaya. Na ɗaya, ba molekul guda muke kallo ba, biliyoyi ne, kuma bugun farko ne ya sa su tashi tare a ƙafa ɗaya. Na biyu, gajeren bugu ba ya taɓa zama launi ɗaya tak. Iya gajartarsa, iya yawan launukan da ya ƙunsa, wannan doka ce ta igiya. Bugun femtosakan 10 daga lesar titaniyom da safaya, wadda tsawon igiyar haskenta yake kusa da nanomita 800 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), faɗinsa ya kai kusan nanomita 100. Don haka yana taɓa matakan makamashi da yawa lokaci guda, kuma idan aka tayar da matakai biyu tare, siginar takan riƙa hawa da sauka daidai da tazarar da ke tsakaninsu. Wannan hawa da saukar shi aka gani a 2007.

'Yar Aji Huɗu:
Na gode Yaya. To idan an gan shi da gaske, ina matsalar take?

Mai Lesa:
Matsalar tana wajen fassara. Ga yadda abin ya gudana.

Furotin ɗin da aka auna shi ne FMO, daga sunayen Fenna da Matthews da Olson. Na wata koriyar bakteriya ce mai rayuwa da farar wuta a wuraren da haske ke da ƙaranci sosai. Aikinsa miƙa makamashi daga eriyar da ta kamo haske zuwa cibiyar da ake raba caji. An warware tsarinsa tun 1975, aka ga ƙwayoyin kulorofil irin na bakteriya guda bakwai a kowane sashe, daga baya aka gano ta takwas. Ƙanƙantarsa da sanin tsarinsa suka sa kowa ke son gwaji da shi.

A 2007 rukunin Graham Fleming na Berkeley, da Greg Engel a kan gaba, suka yi masa awo mai fuska biyu, wanda ke nuna launin da aka shigar da launin da ya fito a taswira ɗaya. An sanyaya samfurin zuwa Kelbin 77, wato digiri 196 ƙasa da sifili. Suka ga siginar tana hawa da sauka har femtosakan 660. Suka fassara shi da cewa ilektiron na ƙwayoyin kulorofil daban-daban suna riƙe da daidaiton taku na kwantum, wato igiyoyinsu suna kaɗawa a ƙafa ɗaya, tsawon wannan lokaci, har suka kwatanta abin da irin binciken da kwamfutar kwantum ke yi. Mujallar Nature ta buga. A 2010 Elisabetta Collini da Greg Scholes a Toronto suka ba da rahoton makamancinsa a furotin na wani gansakukan teku, a zafin ɗaki. Daga nan labarin ya bazu duniya.

Amma molekul ba ilektiron kaɗai ba ne. Atom ɗinsa suna girgiza, kuma gajeren bugu yana kaɗa su su ma, ko da molekul ɗin bai bar matakinsa na ƙasa ba. Kulorofil yana da girgizar da tazararta ta yi kusa da tazarar matakan ilektiron a FMO. A taswira su biyun suna kama da juna ƙwarai, sai dai ita girgiza tana iya daɗewa har fikosakan ɗaya ko fiye, wato femtosakan dubu. David Jonas da ɗalibansa a Kolorado sun nuna wannan ta lissafi a 2013. A 2017 rukunin Dwayne Miller a Hamburg suka auna FMO a zafin ɗaki, suka samu daidaiton ilektiron yana rushewa cikin kusan femtosakan 60. A 2018 rukunin Donatas Zigmantas a Lund ta Suwidin suka sarrafa fuskar kaɗawar hasken don su tace siginar, suka tarar mai daɗewar ta girgiza ce.

Gwajin da ya fi gamsar da ni kuwa shi ne na rukunin Scholes kansa, shi ma a 2018. Suka sauya wasu amino asid a furotin ɗin don matakan ilektiron su gusa. Da hawa da saukar na ilektiron ne, dole saurinsa ya canza. Bai canza ba. Ina ganin girman mutumin da ya gwada ra'ayin da shi ma ya taimaka wajen yaɗawa, ya kuma buga abin da ya samu.

Malamar Halittu:
Malam Mai Lesa, bayaninka ya fita, amma ina jin ka yi saurin rufe ƙofa. Ka ce girgiza ce, kamar girgiza ba kwantum ba ce, ko kamar ba ta da aiki. Shi Jonas da ka ambata ai ba cewa ya yi abin banza ne ba. Cewa ya yi idan girgizar ta dace da tazarar ilektiron, sukan cakuɗe, kuma cakuɗar tana iya hanzarta miƙa makamashin. A 2014 rukuni biyu, na Jennifer Ogilvie a Mishigan da na Rienk van Grondelle a Amsterdam, sun ga irin wannan a cibiyar raba caji ta tsirrai. Halittun nan sun shafe biliyoyin shekaru ana tace su. Me zai hana a ce dacewar nan ba haɗari ba ce?

Mai Lesa:
Malama, babu abin da zai hana. Amma kulorofil yana da hanyoyin girgiza da yawa a wannan yanki, har zai yi wuya a ce babu ɗaya da ta faɗo kusa da wata tazara. Dacewa kaɗai ba hujja ba ce. A gusar da ita a nuna mini aikin ya ragu, sai in yarda.

Ɗan Lissafi:
Ku ba ni wuri, don ina ganin tambayar ƙanwarmu ta asali tana neman ɓacewa. Ita so take ta san me ya sa makamashin ba ya salwanta. Amsar ba ta buƙatar daidaito mai daɗewa ko kaɗan.

Kulorofil da ya sha haske yana iya riƙe makamashin na wasu nanosakan, kowanne fikosakan dubu, kafin ya zubar da shi. Tsallakawa daga ƙwaya zuwa maƙwabciyarta kuwa fikosakan ɗaya ne ko ƙasa da haka. Raba caji a cibiyar bakteriya mai launin shunayya kusan fikosakan 3 ne. Wato makamashin yana da damar tsallakawa ɗaruruwa ko dubbai kafin lokacinsa ya ƙare, ga kuma matakan an jera su gangare zuwa cibiyar. Ko da yana ɓata hanya yana dawowa, zai isa. Wannan tseren shi ya kawo inganci fiye da kashi 90 cikin 100 a matakin farko.

Kwantum kuma yana nan daram, babu mai musu. Idan ƙwayoyin kulorofil suka kusanci juna, makamashin ba ya zama a kan guda ɗaya, yakan shimfiɗu a kan biyu ko uku ko fiye. Hakan yana canza launin da suke sha da saurin miƙawar. Lissafin Förster na 1948, wanda ya ɗauki kowace ƙwaya ita kaɗai, ba ya aiki a zoben da aka cusa ƙwayoyi 18 kusa da juna kamar na bakteriya mai shunayya. Wannan shimfiɗuwar halin tsarin ne, tana nan ko da lesa ko da rana. Hawa da saukar da ake gani a ɗakin gwaji kuwa gajeren bugu ne ya haifar da shi. Hasken rana ba ya zuwa haka. Ko da tsakar rana, ƙwayar kulorofil guda ba ta shan foton, wato ƙwayar haske, fiye da kamar goma a sakan, kowanne a lokacinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne zafi da hayaniyar furotin, waɗanda aka ɗauka abokan gaba ne, su ke taimakawa. Matakan ƙwayoyin ba daidai suke ba. Da babu hayaniya, makamashin zai maƙale yana kai da komo tsakanin 'yan wurare. Yashi ba ya wuce rariya sai an girgiza ta. Motsin furotin shi ke karɓe rarar makamashi ya bar sauran ya gangara. Rukunin Aspuru-Guzik da Seth Lloyd a Amurka, da Plenio da Huelga a Turai, sun nuna haka tun 2008: hayaniya kaɗan tana sa a maƙale, mai yawa ƙwarai tana hana motsi, inganci yana tsakiya. A 2020 masana da dama, har da wasu da aka ambata a sama, suka haɗu suka yi bitar fagen a Science Advances, kuma a nan suka tsaya.

Injiniya:
Malamai, ni a ɓangaren faranta masu kama hasken rana nake, kuma ina da ƙorafi. An yi shekaru ana cewa za mu kwaikwayi sirrin kwantum na ganye. In babu sirrin, me duk wannan awo ya tsinana mana? Kuma kada a manta, inganci kashi 90 ɗin nan na matakin farko ne kawai. Daga hasken rana zuwa abin da shuka ta tara, iyakar lissafi ba ta wuce kashi 4.6 ga yawancin tsirrai ba, 6 ga wasu. Farantin silikon na kasuwa ya haura 20.

Mai Lesa:
Injiniya, ƙorafinka a kan alƙawarin da aka yi daidai ne. Amma na'urorin da aka gyara saboda wannan rigima su ake amfani da su a kayanku yanzu. Ka san iyakar Shockley da Queisser ta 1961, wato faranti mai mahaɗa ɗaya ba zai iya mayar da fiye da kusan kashi 33 na hasken rana zuwa lantarki ba. Babban dalilinta shi ne foton mai ƙarfi, irin shuɗi, rarar makamashinsa zafi take zama. A molekul ɗin fentasin, makamashin foton ɗaya yana rabuwa gida biyu cikin kusan femtosakan 80, kafin ya samu damar zama zafi. Ba don wannan awo ba, da ba a san saurin ya kai haka ba, balle a san da me yake tsere. A 2013 rukunin Marc Baldo a MIT suka haɗa na'urar da ke fitar da ilektiron fiye da ɗaya ga kowane foton a wani launi. Haka kuma a faranta na roba, rukunin Richard Friend a Kambirij sun ga a 2014 cewa caji biyu suna nisantar juna da wasu nanomita cikin femtosakan 40 na farko, saboda ilektiron ɗin a shimfiɗe yake a kan molekul da yawa. Wannan ya gaya wa masu haɗa kayan cewa yadda molekul ke jeruwa a bakin mahaɗar yana da nauyi kamar sinadarin kansa.

Injiniya:
Na ji. Sai dai har yanzu fentasin bai shiga kasuwa ba, iska da haske suna lalata shi.

Mai Lesa:
Haka ne. Wannan aikinku ne da masu haɗa sinadarai.

Malamar Halittu:
Bari in koma kan maganata, don Mai Lesa ya ce a gusar da girgiza a nuna masa aiki ya canza. An yi hakan, a ido. A cikin furotin rodofsin akwai molekul retinal, a lanƙwashe. Idan foton ya same shi, sai ya miƙe, kuma daga nan gani ke farawa. Mathies da Shank da abokansu a Berkeley sun auna a 1991 cewa miƙewar tana kammaluwa cikin femtosakan 200. Kusan biyu cikin uku na foton da aka sha kuwa suna cin nasara. Retinal ɗin nan idan aka fitar da shi daga furotin aka sa a ruwan sinadari, ya fi nawa kuma ya fi asara. A 2018 aka maye wasu atom na haidirojin da ke kusa da ɗaurin da ɗan'uwansu mai nauyi, diyuteriyom. Wannan ba ya taɓa ilektiron, saurin girgiza kawai yake canzawa. Adadin nasarar ya canza, kuma yadda ya canza ya danganta da wurin da aka sa nauyin. To ga aiki ya dogara da takun girgiza.

Mai Lesa:
Wannan na karɓa hannu biyu, Malama. Irin hujjar da nake nema ke nan. Ki lura dai da bambancin: a ido komai yana ƙarewa kafin hayaniya ta samu lokacin rusa takun. A FMO tafiyar tana ɗaukar fikosakan da yawa, daidaiton kuwa ya mutu tun a 'yan gomomin farko na femtosakan.

Malamar Halittu:
A FMO na bar maka. A cibiyar raba caji ta tsirrai ban bar maka ba tukuna.

Ɗan Lissafi:
Misalin ido ya kawo mu inda nake ganin ainihin kwantum ɗin yake. Tun 1927 Born da Oppenheimer suka ba mu sauƙi: ilektiron ba shi da nauyi sosai idan aka kwatanta shi da atom, don haka a lissafa su daban. Kusan duk kemistiri a kan wannan aka gina shi. Amma akwai siffofin da idan molekul ya kai gare su, matakin sama da na ƙasa suna haɗuwa a wuri guda, masana suna kiran wurin mazurari. A nan rabuwar ta rushe, motsin atom da na ilektiron sun zama abu ɗaya, kuma molekul ɗin yana zubowa ƙasa cikin 'yan femtosakan ba tare da ya fitar da haske ba. Rukunin Giulio Cerullo a Milan sun bi retinal har cikin wannan mazurarin a 2010.

Shi ne kuma ke kare DNA. Tubalanta huɗu suna shan hasken da ya wuce shunayya sosai, amma kowanne shi kaɗai yana mayar da makamashin zafi cikin ƙasa da fikosakan ɗaya, kamar yadda rukunin Bern Kohler a Ohayo suka auna a farkon shekarun 2000. Kariyar ba cikakkiya ba ce. Idan taimin biyu (taimin ɗaya ne daga tubalan huɗun) suna maƙwabtaka a siffar da ta dace, suna manne wa juna cikin kusan fikosakan ɗaya, irin lahanin da ke iya kai wa ga kansar fata in ba a gyara ba. Ƙanwata, da ni ne ke gabatarwar, da nan zan fi daɗewa.

'Yar Aji Huɗu:
Allah ya saka da alheri, yanzu na ga inda zan sa ƙafa. Saura abu ɗaya. Na karanta cewa tsuntsaye masu ƙaura suna gane alƙibla da kwantum. Shi ma ya bi hanyar FMO ne?

Ɗan Lissafi:
A'a, shi daban ne, kuma ƙafarsa ta fi ƙarfi ta fuskar lissafi. Klaus Schulten ya kawo ra'ayin a 1978, a 2000 kuma shi da Thorsten Ritz suka ba da shawarar cewa furotin kiriftokurom da ke cikin ido ne ke wannan aiki. Haske yana sa ilektiron ya tsallaka, a samu biyu a rabe waɗanda juyinsu, wato halin da ke sa kowane ilektiron ya zama kamar ƙaramin maganaɗisu, ke ɗaure da juna. Juyin ilektiron ba ya jin hayaniyar furotin sosai, don haka daidaitonsa yana iya kai wa maikurosakan, wato ɗaya bisa miliyan na sakan, ninki miliyoyi a kan abin da muke magana a FMO. Wannan tsawon lokacin ake buƙata kafin maganaɗisun duniya, mai rauni ƙwarai, ya iya karkata sakamakon.

Malamar Halittu:
Ki dai faɗe shi da iyakarsa, 'yata. A 2021 rukunin Peter Hore na Oksfod da na Henrik Mouritsen na Oldenburg sun nuna kiriftokurom na huɗu na wani ƙaramin tsuntsun Turai mai jan ƙirji yana jin maganaɗisu, fiye da na kaza da na tattabara. Amma a kwalbar gwaji aka yi, da maganaɗisu da ya ninka na duniya sau da yawa. Daga ɓangaren ɗabi'a kuma, rukunin Mouritsen sun nuna a 2014 cewa raunanan igiyoyin rediyo suna rikita alƙiblar tsuntsayen, abin da ya dace da ra'ayin. Abin da ya rage shi ne a kama furotin ɗin yana wannan aiki a cikin idon tsuntsu mai rai, a kuma bi saƙon har ƙwaƙwalwa. Ki sa shi a sashen abubuwan da ake kan bincike, kada ki haɗa shi da na rodofsin.